KWANAKINMU KAƊAN NE, AMMA BEGENMU BA YA ƘAREWA

Jawabin tunawa da waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji, a bikin cikar ikklisiyarmu shekara 50, Masama



Yau ranar murna ce. Amma in muka duba cikin majami'ar nan, za mu ga gurabe da yawa waɗanda masu su ba sa nan. Iyayenmu da suka kwaɓa ƙasa suka ɗauko jinka suka kafa wurin sujada na fari, yawancinsu sun kwanta dama. Bai kamata mu ci mu sha mu watse ba tare da mun tuna da su ba.

1. RAI GAJERE NE

Zabura 90, addu'ar Musa, ta ƙiyasta shekarun mutum saba'in, ko tamanin ga mai ƙarfi. Ashe shekara 50 ɗin da muke biki ta cinye yawancin ran mutum guda. Yakubu 4:14 kuwa ta kwatanta ranmu da hazon da kan bayyana jim kaɗan ya shuɗe. Mun ga wannan da idonmu. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibi a arewa, yara da yawa a cikinsu. A watan Mayu 2021 jirgin ruwa ya nutse a Kogin Kwara kusa da Wara, cikin Jiharmu ta Kebbi, da mutanen da suka fito neman abinci. Babu wanda ya yi sallama da iyalinsa da safe yana sane ta ƙarshe ce. Mutuwa rigar kowa.

2. KUKA BA RASHIN BANGASKIYA BA NE

Wasu kan ce wa mai makoki ya share hawaye domin shi mai bi ne. 'Yan'uwa, mu yi hankali da wannan magana. A Yohanna sura 11 Ubangiji da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru a Betanya, alhali ya san zai tashe shi. Manzo Bulus ma bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba. Abin da ya hana su shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Kiristan da ya yi rashi yana kuka, amma ya san inda zai kai kukansa.

3. IRIN DA AKA BINNE BAI ƁATA BA

Mu manoma ne. Kowace damina mukan ɗebi geron da ya rage a rumbu, ga yara suna jin yunwa, mu zuba shi cikin ƙasa. Wanda bai san noma ba zai ce hasara ce. Da wannan misali Bulus ya koyar da tashin matattu a 1 Korantiyawa 15. Tarihin bishara ma ya shaida haka. A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasar Sudan. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. A idon mutum aikin ya mutu. Amma Bingham ya dawo, aka buɗe tasha a Patigi a 1902, daga wannan aiki kuma aka kafa ECWA a 1954. Ta hannun wasu bayin Allah kuma Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Waɗancan biyun ba su ga ko zangarniya ɗaya ba. Haka iyayenmu: sun shuka, mu muke girbi.

4. ABIN DA YA RAGE GARE MU

A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta hamsin lokaci ce ta sakin bayi da mayar wa matalauci gonarsa. Jubili ba ashobi da kiɗa kaɗai ba ne. Mun iya zaman makoki. Har maƙwabtanmu Musulmi kan zo su zauna tare da mu, muna kuwa gode musu. Amma bayan an naɗe tabarmi, wa ke komawa gidan? Wa ya nome wa gwauruwa gonarta bana? Wa ya biya wa maraya kuɗin makaranta? Sau da yawa ta hannunmu Allah ke aiko ta'aziyyarsa. Saboda haka muna roƙon kowane gida ya ɗauki gidan makoki guda, ya riƙa ziyartarsa har shekara ta zagayo. Mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya kuma ya shirya da shi yau, gama gobe ba a hannunmu take ba.

Da yawa cikinmu ba za su ga bikin shekara 100 ba. Amma Almasihu ya tashi, mu ma za mu tashi, mu sadu da namu a gabansa.

Yanzu sai mu miƙe tsaye, mu yi shiru na minti ɗaya domin tunawa da su. Allah ya ta'azantar da mu duka. Amin.