Raina Kama Ka Ga Gayya: Darasi Daga Siyasar Amurka



Maganar da muka kawo muku yau ita ce yadda masu neman sauyi a Amurka suka tunkari wata ƙungiya ta 'yan ra'ayin riƙau wadda ta taso daga cikin jama'a, da abin da ya kamata mu tsinta daga ciki.

A shekarar 2009, Barack Obama bai daɗe da hawa mulki ba, tattalin arziki kuma yana cikin mawuyacin hali, sai wani yunƙuri mai suna Tea Party ya ɓullo. Sun aro sunan ne daga boren Boston na 1773, lokacin da mutanen garin suka zubar da ganyen shayi cikin teku don ƙin harajin Ingila. Kukansu shi ne gwamnati ta cika kashe kuɗi, haraji ya yi yawa, kuma ba su yarda da shirin inshorar lafiya na Obama ba.

Da farko masu neman sauyi dariya suka yi, suka ce ai attajirai ne suka ƙirƙiro abin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ƙungiyar Americans for Prosperity ta attajiran gidan Koch ta mara musu baya. Amma binciken Theda Skocpol da Vanessa Williamson na Jami'ar Harvard ya nuna sun kafa rassa kusan 1,000. Yawancin 'ya'yanta fararen fata ne, dattawa masu rufin asiri, waɗanda suka riƙa yin taro a kai a kai, suka naƙalci dokokin zaɓen fid da gwani. A Nuwamban 2010 Jam'iyyar Rifablikan ta ƙaru da kujeru 63 a Majalisar Wakilai, ta kuma kame majalisun jihohi da dama, daidai lokacin da za a sake shata mazaɓu.

To, wane martani aka mayar? A Satumban 2011 matasa suka kafa sansani kusa da Wall Street a New York, suna kukan cewa 'yan tsiraru sun danne dukiyar ƙasa. Sun sa duniya ta yi maganar tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi, amma ba su tsayar da shugabanci ko 'yan takara ba. Cikin wata biyu 'yan sanda suka tashe su.

Sai a ƙarshen 2016, bayan Donald Trump ya ci zaɓe, wasu tsofaffin ma'aikatan majalisa suka rubuta ɗan littafi mai suna Indivisible, suka ce a kwaikwayi dabarar abokan hamayya: a kafa reshe a kowace mazaɓa, a matsa wa wakili lamba a gida. A 2017 yunƙurin soke dokar inshorar ya faɗi a Majalisar Dattawa, a 2018 kuma Jam'iyyar Dimokurat ta ƙwato Majalisar Wakilai.

'Yan'uwa, mu masu takarda mun saba ɗaukar wanda bai yarda da mu ba a kan jahili ko sayayye. Wannan raini shi ya jawo wa masu neman sauyi na Amurka asarar shekaru. Mu saurari kukan mutane ko da ba mu yarda da maganin da suka zaɓa ba, mu kafa rassa tun zaɓe yana nesa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.