Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Girman Ƙananan Yara

Wannan jawabi ya shafi yara ne daga haihuwa zuwa yaye, da abin da ya kamata shugabanni su sani game da su.

Kowane yaro yana da matakan da yakan bi. Ya fara zama, sa'an nan rarrafe, sa'an nan tsayuwa, kana tatata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe 5, har da Gana, ta bayyana abin da ta gano a 2006. Yaro mai lafiya yakan zauna da kansa tsakanin wata 4 da wata 9. Yakan tsaya ba tare da riƙo ba tsakanin wata 7 da 17, ya yi tafiya tsakanin wata 8 da 18. Kamar 4 cikin 100 ba su yin rarrafe sam, sai kawai a ga sun miƙe. Watau tazarar tana da faɗi ƙwarai. Kada uwa ta tsorata don ɗan kishiyarta ya riga nata taka ƙasa.

Wajen baki kuwa, ɗan shekara guda yakan waiwayo in an kira sunansa, ya ce "Inna" ko "Baba". In ya kai shekara 2 yakan haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "zo nan".

To, amma akwai iyaka. Yaron da ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya cika wata 18 bai taka ba, ko ya shekara 2 bai furta kalma ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya, lalle a kai shi asibiti. Sau da yawa akan ce iska ce ko maita, alhali kuwa tamowa ce, ko kurumcin da sanƙarau ya bari, ko yawan zazzaɓin cizon sauro. In an gane da wuri, akan samu taimako a asibitocin gunduma, ko a babban asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Kudu.

A nan ne aikin malamai ya shigo. Ba yadda za a san yaro ya makara sai an san ranar da aka haife shi. In aka tambayi uwa ta ce da kaka ne, ko gab da Azumi, likita ba shi da ma'auni. Saboda haka ana roƙon abu uku:

1. Dagatai da masu unguwanni su kawo labarin kowace haihuwa kafin ranar suna, malami ya rubuta rana da wata da shekara.

2. A gargaɗi magidanta su bar matansu su kai yara awo, a yi musu allurar ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15, a kuma adana katin.

3. A lura da lokacin yaye. Yaron da aka cire daga nono aka bar shi da koko zalla yakan rame. A haɗa masa da wake, da gyaɗa, da ƙwai, da zogale.

Da taimakon sarakuna aka kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya, aka tabbatar da haka a 2020. Wannan aiki ma ba zai gagare su ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya raya mana su, amin.