Abin Da Ke Hana Likita Gane Ciwon Ƙwaƙwalwar Yaro: Jawabi A Taron Ƙungiya, Keffi

 

Idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, aka kai shi Asibitin Tarayya na nan Keffi, ɗigon jini ya isa a gane. To, ciwon da ya taɓa hankali ko ɗabi'a, akasarinsa ba ya fitowa a awon jini ko a hoto. Abin aikin likita a nan tambaya ce da amsa. Ga shi kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna somawa ne kafin shekara 14.

Yaronmu kuwa an hore shi kada ya kalli babba cikin ido. Likita ya tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai. Shin ladabi ne, ko ciwon ne? Sai a juya ga uwa. In ɗan fari ne, kunya ta hana ta ko ambatar sunansa, balle ta bayyana yadda haihuwarsa ta zo, ko watan da ya fara tafiya da magana. Wani lokaci ma ba ita ta kawo shi ba, wani kawu ne da bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Me zai faɗa?

Sannan muna ɓoye inda muka biya. An sha rubutu, an yi turare, an sayi ƙwayar barci a kemis, duk a yi shiru don kada a yi mana faɗa. Alhali ƙwayar nan tana iya canja kamannin ciwon. Akwai kuma farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi; akwai wanda sanƙarau ya kurumtar, ana ta dukansa wai taurin kai. Labarin gida ne ke sa likita ya bi sawun waɗannan.

Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a ƙasar nan, na yara sun fi ƙaranci, kuma wani likitan sai da tafinta. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta shiga ɗakin likita ta yi magana a madadin uwa.

Saboda haka, Alhazai, a bar uwar yaro ta je da kanta, da katinsa na rigakafi, da sakamakon makaranta, da kwalin duk maganin da ya sha. In kunya ta yi mata yawa, kakar da ta goya shi ta raka ta.