Shirinmu na wannan mako: Wa zai yi nazarin tarbiyyar ɗan Sakkwato?



Kwanaki na ce wa kawuna ina son komawa Jami'ar Usmanu Danfodiyo in yi digiri na biyu a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, ɓangaren yadda tunanin mutum ke sauyawa daga haihuwa har tsufa. Sai ya yi dariya ya ce, "Wato Kware za ka je ka yi aiki da masu taɓin hankali?" Wallahi ban ga laifinsa ba, haka yawancinmu muka ɗauka.

To amma wannan ilimi na kowa ne. Erik Erikson, a littafinsa na 1950, ya kasa rayuwa matakai takwas, tun daga jariri da ke koyon yarda da mai rainonsa, zuwa matashin da ke neman sanin ko shi wane ne, har tsohon da ke waiwayen abin da ya shuka.

Ga abin da ke damuna. Jean Piaget ya gina wani ɓangare na ra'ayinsa ne kan lura da 'ya'yansa uku a Geneva. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin, ya tarar kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu daga ƙasashen Yamma suke, alhali ƙasashen nan kashi 12 ne kawai na al'ummar duniya.

Yanzu ku duba gidajenmu. Ana yaye yaro a kai shi wurin kaka. Ana ba gwaggo riƙo. Uwa na kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kira. Yaro ɗan shekara bakwai ya bar ƙauyensu ya zo almajirci cikin gari, ba uwa ba uba. Me wannan rabuwa ke yi wa zuciyarsa? Me riƙon kaka ke ƙara masa da littafin Bature bai lissafa ba? Muna ta musu a Facebook, kowa da ra'ayinsa, hujja kuwa sai ƙalilan.

Kuma Bature ba zai shiga ɗakin kaka ya zauna ya saurara ba. Mu da ke jin Hausa da Fulatanci, mu za a buɗe wa labule.

Ni dai na fara tara kuɗin fom, kuma kan yaye nake son yin bincikena. Kawu ya ce in fara da kaina, tunda shi ya goya ni ranar da aka kai ni.