Gas ko Gawayi: Wace Wuta Ta Dace da Gida, Wace Ce Ta Hanya?

 Yau shirin namu zancen wuta zai yi, wutar gashi. Saƙonni sun taru a kan magana guda. Direbobin da ke jigila tsakanin Katsina da Maraɗi ta Jibiya, da masu dogon zango zuwa Agadas ta Tanut, suna tambaya: in mutum zai sayi abin gashi ɗaya da zai yi masa aiki a gida ya kuma bi shi hanya, na gas zai saya ko na gawayi? Iyaye mata ma sun yi irin tambayar, ga Babbar Salla na matsowa, naman layya na jiran wuta.

To, bari mu fara da baki, don nan gardamar ta fi zafi. Mai tsire a bakin tukuba zai ce maka naman da bai ji hayaƙi ba dafaffe ne kawai. Yana da gaskiyarsa. Amma a lura, gawayin da ya kama sosai ba ya hayaƙi da yawa. Ƙamshin nan da ke jawo mutum daga nesa, yawancinsa daga kitsen da ke ɗiga kan garwashi yake fitowa, ya ƙone, hayaƙinsa ya koma jikin naman. Sa'annan garwashi yana da zafi busasshe mai ƙarfi, shi ke sa bayan balangu ya yi ja ya ƙame. Gas kuwa in yana ci yana fitar da ɗan tururin ruwa, kuma ƙananan murafunsa ba su kai garwashi zafi. In ɗanɗano kaɗai ake bi, gawayi ya ci. Sai dai kowace wuta ce, naman da ya ƙone ya yi baƙi ƙirin ba alheri ba ne ga jiki, a kankare wurin.

Ta fuskar lokaci labari ya juya. Gawayi na son minti 20 zuwa 30 kafin ya yi farar toka a sama, lokacin ne ya isa a ɗora nama. Gas kuwa murɗawa ce da ƙyasta ashana, ka rage wuta ko ka ƙara yadda kake so. Direban da ya tsaya na rabin awa, ko uwar gida mai son gasa kaza ɗaya bayan magariba, sun san darajar wannan. In an gama, gas a rufe shi shi ke nan. Garwashi kuwa yana iya kwana da rai a ƙarƙashin toka.

Sai aljihu. Kurfoti, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke ce wa furno, maƙerin unguwa zai ƙera maka shi da ragarsa a kuɗi kaɗan, gawayi kuma ko na ƙulli ɗaya kana iya saye a kusan kowane ƙauye. Gas na son kuɗi a dunƙule tun farko: tukunyar, da kanta, da tiyo, da murhun. Bayan nan ne yake rama wa mai shi, domin kilo ɗaya na gas ya fi kilo ɗaya na gawayi zafi nesa ba kusa ba, kuma ba ya ci gaba da ci bayan an sauke abinci. A Nijar, tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gas na cikin gida ya yawaita a birane. Amma mai tafiya ya riƙe wannan: gas ɗinka in ya ƙare a tsakiyar daji ba mai sayar maka. Kuma kan tukunyar da ake amfani da shi a wannan ƙasa ba lalle ya hau ta waccan ba, don haka a gwada tun a gida kafin a ɗauki hanya.

Yanzu ga inda nake roƙon a kasa kunne da kyau, don magana ce ta rai. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba, masana na kiranta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini tana kama shi fiye da yadda iskar numfashi ke yi sau ɗari biyu da wani abu. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Da sanyin hunturu sai ka ga an gama gashi ko shayi, a ce kada garwashin ya tafi a banza, a shigar da shi ɗaki ko kan babbar mota, a rufe gilashi. Don Allah kada a yi. A ƙasashen Turai ma, masu yawon hutu da tanti ko mota mai ɗaki a baya, gargaɗin da ake nanata musu ke nan, saboda an sha rasa rayuka ta haka. Garwashin da ya yi kamar ya mutu yana ci gaba da fitar da gubar. In wani ya fara jin waɗannan alamu, a fito da shi sarari nan take, a nufi asibiti.

Gas ma yana da nasa sharaɗin. Ya fi iska nauyi, in ya zube ƙasa yake kwanciya, ya taru a lungu ko a ƙasan mota yana jiran tartsatsi. Warin nan da kuke ji da gangan ake zuba masa don a gane yoyo. In kun ji shi, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar, ba a gwadawa da ashana. A mota, tukunya a tsaye take tafiya, a ɗaure, a cire tiyo, a wurin da iska ke ratsawa. Kada a bar ta cikin rufaffiyar mota a rana, don zafin ciki na iya haura digiri 60 a watan Afrilu. Shi ya sa ma ba a cika ta maƙil, ana barin wajen kashi 20 cikin 100 saboda gas na kumbura da zafi. Mai cika maka ita har wuya ba gata ya yi maka ba. Direban tankar mai kuwa, ko gas ko gawayi, ya yi nesa da motarsa kafin ya kunna.

Akwai kuma daji. A yadda ake toya gawayi a gargajiyance, kilo ɗaya yana cin itace kilo 5 zuwa 10, kuma itatuwa masu tauri irin su ƙirya da marke aka fi sara, waɗanda ke daɗewa kafin su girma. Ƙasar Chadi ta kai ga hana gawayi shiga Njamena a ƙarshen 2008, magidanta suka sha wuya kafin a saba. A Nijar kowace ranar 3 ga Agusta dashen itatuwa ake yi. Ba ya kyautu mu dasa ɗaya da safe mu toya goma da yamma.

To, mene ne shawara? Girkin kullum da ɗan gashin gida, in da hali, gas ya fi: sauri, tsabta, da sauƙi ga ƙirjin mai girki. Ranar taro da naman layya, inda ake son wuta mai faɗi, a bar wa gawayi, a tsakar gida, nesa da zana da yara. Mai gajeriyar tafiya tsakanin garuruwan da ake cika gas, ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 ta ishe shi. Mai nausawa inda ba gari, ya riƙe ɗan furnonsa da gawayi a buhu, in ya gama ya kashe da ruwa ko ya binne da yashi har ya huce, kada ciyawar makiyaya ta kama bayan ya wuce.

Mako mai zuwa za mu ji ta bakin masu tukuba da masu sayar da gas. Kafin nan ku ci gaba da aiko da saƙonninku. Matafiya, Allah ya kai ku lafiya. Na gida, a ci nama lafiya. Wassalamu alaikum.