Idan Injin Mota Ya Ɗauki Zafi

Zafin inji na cikin matsalolin da mai mota zai iya gano musabbabinsu a gida, musamman a bazara. Da zarar allurar zafi ta haura, akan kashe mota a bar ta ta huce kamar minti 30. Buɗe murfin lagireto da zafinsa ganganci ne, domin tafasasshen ruwa kan feso ya ƙona fuska. Bayan ya huce sai a duba ruwan. In ya ragu, a nemi inda tiyo ke yoyo. A duba fambel ko ya saki, da fanka ko tana juyawa. Baƙin mai kuwa, in ya koma kalar shayi mai madara, galibi gasket ne ya ƙone, ruwa ya gauraya da mai. Wannan kam aikin bakanike ne.