KULA DA KANULAR JIJIYA IDAN ANA JINYA A GIDA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake tara mu a garinmu na haihuwa cikin ƙoshin lafiya. Kwamitin shirya taro ya nemi mu ce wani abu kan kiwon lafiya. Mu malaman makaranta ne, aikinmu shi ne mu tattaro abin da masana suka tabbatar, mu jera shi yadda kowa zai iya riƙewa. Mun zaɓi magana a kan 'yar robar nan da ake sa wa marar lafiya a jijiyar hannu, wadda ma'aikatan asibiti ke kira kanula.

Dalilin wannan zaɓi a fili yake. Duk wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Abuja daga cikinmu ya san gidansa ne masaukin marasa lafiyar garinmu. Gadajen asibiti ba su isa ba, kuɗin kwanciya kuma yana da nauyi, saboda haka da zarar mutum ya ɗan farfaɗo akan sallame shi da kanula a hannu, a ce ya ƙarasa allurarsa daga gida. Daga wannan rana rabin aikin jinya ya koma wuyan mai masauki da iyalinsa.

Mece ce kanula?

Mutane da yawa suna zaton allura ce aka bari a cikin jijiya. A gaskiya allurar ƙarfe jagora ce kawai: da ita ake huda fata, sai a zare ta, a bar siririyar roba mai laushi a kwance cikin jijiya. Wani likita mai suna David Massa ne ya ƙirƙiro irin wannan a asibitin Mayo da ke Amurka a 1950. Launin kanta yana nuna kaurinta: koriya ta fi ruwan hoda kauri, ruwan hoda ta fi shuɗiya, 'yar rawaya kuwa ta jarirai ce da masu siraran jijiyoyi.

Wannan gajeriyar kanula ta 'yan kwanaki ce. Akwai kuma doguwa, wadda likitoci ke kira PICC, da ake zurawa daga damtse har bakinta ya kai babbar jijiya kusa da zuciya. Ita ake sa wa wanda zai daɗe yana karɓar magani, kamar mai ciwon ƙashi da ƙwayoyin cuta suka shiga, wanda jinyarsa kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Masu amosanin jini da masu ciwon sukari da gyambo ya ci musu ƙafa suna cikin waɗanda wannan larura ta fi samu. Ba da irin wannan magani a gida ba sabon abu ba ne, domin tun 1974 likitoci a Amurka suka ba da rahoton gwada shi kan yara masu ciwon huhu. Ya yi nasara a wurare da dama saboda sharuɗɗan da aka kiyaye.

Me ke toshe ta?

Kowannenmu ya san kwatar gida. Muddin ruwa na bi, tana nan a buɗe. Idan aka bar ta ta tsaya, laka ta daskare, ranar da aka yi ruwan sama sai tsakar gida ya cika. Haka kanula take. Abu uku ne ke toshe ta. Na farko jini, wanda kan komo cikin robar bayan an gama allura, kuma ɗabi'arsa ce ya daskare idan ya tsaya wuri ɗaya. Na biyu ragowar magani, musamman idan iri biyu da ba sa jituwa suka haɗu suka zama gari-gari. Na uku lanƙwasar robar kanta, wadda ta fi faruwa idan an sa ta a gwiwar hannu ko a wuyan hannu.

Toshewa tana da tsada. Za a sayi wata kanula, a sake neman jijiya, ga tsoho ko yaro kuwa jijiyoyin da za a iya samu ƙidayayyu ne. Sau da yawa kuma a nan ake tsallake allurar rana ɗaya ko biyu, ciwon da ya fara kwanciya ya sake tashi.

Yadda ake wanke ta

Maganin toshewa shi ne ɗauraye robar da ruwan gishirin asibiti, wato nomal salin, wanda aka rubuta 0.9% a jikinsa. Ka'idar a taƙaice ita ce: ruwan gishiri, sannan magani, sannan ruwan gishiri. Na farko yana tabbatar da cewa hanya a buɗe take kuma robar tana cikin jijiya. Na ƙarshe yana kora ragowar magani cikin jini, ya bar robar cike da ruwa mai tsabta. Idan magani iri biyu ne, ana ɗauraye tsakaninsu. Ga babba akan yi amfani da mililita 5 zuwa 10, na jariri kuwa ƙasa da haka ƙwarai, kuma ma'aikacin lafiya ne ke ƙayyade shi. Ko a ranar da ba a ba da magani ba, kanular da ke hannu tana bukatar ɗauraya aƙalla sau ɗaya, wasu asibitoci ma sukan ce kowane awa 8 ko 12.

Wannan aikin nas ne ko wani ma'aikacin lafiya mai horo. Ɗan'uwa ba ya taɓawa sai in asibiti ya koya masa, ya kuma gwada a gabansu. To amma wajibi ne mai gida ya san abin da zai sa wa ido. Ya ga an wanke hannu da sabulu sosai, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60. Ya ga an goge bakin kanula da sifirit na kimanin daƙiƙa 15, an kuma bar shi ya bushe. Ya ga an fasa sabon sirinji a gabansa, an fitar da iskar da ke ciki. Ana tura ruwan ne kaɗan-kaɗan, a tura a dakata, domin wannan motsi ya fi kankare cikin robar. A doguwar nan ta PICC ba a amfani da sirinjin da ya gaza mililita 10, saboda ƙaramin sirinji ya fi matsi, yana iya fasa ta.

Babbar doka a nan ita ce: idan ruwa ya ƙi shiga, ba a tura shi da ƙarfi. Ƙarfi yana iya cusa gudan jini cikin jiki, ko ya fasa jijiya magani ya malala cikin nama. Gajeriyar kanula da ta toshe cire ta ake yi a sa wata a wani wuri. Doguwa kuwa sai a koma asibiti, inda suke da maganin narkar da abin da ya toshe ta.

Kurakuran da ke kashewa

Akwai abubuwa huɗu da muke roƙon kowa ya haddace. Na ɗaya, ruwan gishirin da aka dama a gida, da ruwan leda, da ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, babu ɗayansu da ke shiga jijiya. Na biyu, kada a ajiye leda ɗaya ta nomal salin ana zuƙa daga cikinta kwana da kwanaki, domin kowace huda ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Ƙananan kwalabe na amfani sau ɗaya su ne daidai.

Na uku ya shafi seftiriyazon, wanda da yawa suka sani da sunan Rocephin, allurar da aka fi sallamo mutane da ita. Wani kwalinsa yana zuwa da ruwan dama shi mai ɗauke da lidoken, maganin kashe zafi, wanda aka yi don allurar tsoka kawai. Idan wannan ya shiga jijiya yana iya rikita bugun zuciya. A karanta kwali kafin a dama. Na huɗu, wannan magani ba ya haɗuwa da ruwan ƙari mai kalsiyam, irin su ruwan Ringer, domin sukan daskare tare su zama tsakuwa-tsakuwa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2007, bayan mutuwar wasu jarirai.

Mu tuna kuma cewa dokar Nijeriya ba ta ba masu ƙananan shagunan magani izinin yin allura ba. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A nemi mai lasisi, a sayi magani mai lambar NAFDAC, a dama shi a lokacin da za a yi amfani da shi.

Zaman yau da kullum

Filastar da ke kan kanula ta kasance a bushe, a manne, da tsabta. Gumin bazara yana ɓamɓare ta, ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashinta. Idan ta jiƙe ko ta ɗago, a kira ma'aikaci ya canza. Lokacin wanka a naɗe wurin da leda. Game da alwala, addini ya yi sauƙi ga mai larura, malamanmu da ke zaune nan za su yi bayanin shafa a kan ɗauri da taimama. Kada a shafa man zafi ko lalle ko wani magani na gargajiya a wurin. Hannun da ke da kanula ba ya daka, ba ya jan guga, ba a kwanciya a kansa, ba a ɗaura masa awon hawan jini. Idan ana ƙarin ruwa, ledar ta kasance sama da hannu, a kuma rufe ta da zarar ta ƙare, don kada jini ya hauro.

A rubuta ranar da aka sa kanula a jikin filasta. Jagoran da hukumar CDC ta Amurka ta fitar a 2011 ya nuna cewa ga babba ba a bukatar canza gajeriyar kanula kafin awa 72 zuwa 96. Binciken da ya biyo baya ya sa asibitoci da dama suna barin ta muddin tana aiki lafiya, amma wannan ya ginu ne kan cewa ma'aikaci yana duba ta kullum. Wadda aka gama amfani da ita kuwa, a cire ta a ranar.

Ga alamomin da ba a kwana da su: kumburi, zafi ko raɗaɗi lokacin tura ruwa, ja ko tauri da ke bin tsawon jijiya, ɗiga, da mugunya. Zazzaɓi ko rawar sanyi, musamman jim kaɗan bayan allura, yana iya nufin ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Haka kumburin fuska ko ƙuraje ko sarƙewar numfashi. Kada a ce maleriya ce a jira gobe. A tsayar da allura a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Idan kanula ta fita da kanta, a danne wurin da auduga mai tsabta, kada a mayar da ita. Allurar da aka gama da ita a tara a cikin galan mai kauri da murfi, a mayar asibiti, domin yara suna wasa da su a bola, kuma ta nan ciwon hanta da ƙanjamau kan yaɗu.

Abin da ya shafi al'umma

Tsallake allura ko yanke ta don an ji sauƙi yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan kashedi tun 1945. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ke nan kanular da ta toshe a gidan ɗayanmu tana da alaƙa da maganin da jikokinmu za su nema.

Shawarwari ga ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba da shawara kowane reshe ya rubuta sunayen 'ya'yan garinmu likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magani da ke birninsa, domin mai jinya ya san wanda zai kira. Asusun taimakon marasa lafiya ya ware wani kaso don sirinji da ruwan gishiri da filasta, tunda sau da yawa waɗannan ƙananan kaya ne ake tsuke hannu a kansu bayan an sayi magani mai tsada. Reshen mata kuma ya shirya bita, domin su ne ke kwana da marar lafiya. Kafin a baro asibiti, kowa ya karɓi takarda mai sunan magani, da lokutansa, da ranar gamawa, da lambar wanda za a kira. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya jiƙan magabatanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.